Kofin Eisenhower: mutum uku sun ishi ƙasa, amma a ina ake rainon su?

A watan Oktoban 2025, a filin Tanah Merah na ƙasar Singafo, tawagar Afirka ta Kudu ta ɗauki Kofin Eisenhower. Ita ce gasar duniya ta ƙasa da ƙasa a wasan golf, wanda wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu, kuma an keɓe ta ga maza 'yan sha'awa, waɗanda ba su mayar da wasan sana'a ba. Tun 1958 ake buga ta, sai a wannan karon kofin ya shigo hannun wata ƙasar Afirka. A nan Yamai labarin ya wuce shiru. Ba abin mamaki ba ne, mu mutanen kokawa ne da ƙwallon ƙafa, kuma wanda ya tayar da zancen golf a fada tun ba a sauke shayin farko ba za a canza masa hira.

Duk da haka gasar ta cancanci a tsaya a kanta, domin akwai abu biyu a cikinta da ke jan juna. Dokar wasan an gina ta yadda ƙaramar ƙasa za ta iya kayar da babba, kuma sau da yawa hakan ta faru. Amma hanyar da ke kai mutum bakin filin kullum ƙara ƙuntata take yi, har ta kai tutar da ake ɗagawa ranar ba da kofi ba ta cika faɗin inda aka raini ɗan wasan ba.

Ga wanda bai saba ba, wasan kansa ba shi da sarƙaƙiya. Fili yana da ramuka 18. Kana bugun 'yar ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa rami, ana ƙirga bugun da ka yi, ka wuce rami na gaba. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. A Kofin Eisenhower ana zagaye filin sau huɗu cikin kwana huɗu, ramuka 72 ke nan. Kowace ƙasa tana zuwa da mutum uku. Kowace rana a karɓi katin ukun, a ɗauki biyu mafiya kyau a haɗa, na ukun a ajiye shi gefe. A ce ɗaya ya yi bugu 68, ɗaya 70, na ukun ranar ta ɓace masa ya yi 79: abin da za a rubuta wa ƙasa shi ne 138, shi kuwa mai 79 ya je ya yi barcinsa, gobe ma rana ce, wataƙila shi zai ceci sauran. Kafin 2002 mutum huɗu ake zuwa da su a ƙirga uku. Rage adadin da aka yi ƙaramin gyara ne a takarda, amma a fili ya taɓa komai.

Dalili kuwa shi ne, ƙarfin Amurka a wannan wasa yawa ne. Tana da filaye dubbai, tana da ɗaruruwan jami'o'i masu tawagar golf, in ta so za ta fitar da tawaga goma ba a gane ta farko da ta ƙarshe ba. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to amma a nan an hana sarkin yawa shigowa da mutanensa. Mutum uku kawai za ka kawo, ko kai Amurka ne ko Denmak. A gasar Takobin Ƙasa kowace jaha cikin takwas ɗinmu tana zuwa da 'yan kokawa goma. Da a ce wata shekara an ce kowa ya kawo uku kacal, kuma biyu za a ƙirga, da jahar da ke da gwarzo ɗaya da mataimaki nagari ta tsaya daidai da jahar da kowane ƙauyenta ke da ɗan kokawa. Haka lamarin yake a can.

Alƙaluma sun nuna hakan tun ranar farko. Gasar 1958 a tsohon filin St Andrews na Sikotilan aka yi ta, ƙasashe 29 suka zo, kofin kuma aka sa masa sunan Dwight Eisenhower, shugaban Amurka na lokacin, wanda kowa ya san shi da son golf. Amurka ta zo da Bobby Jones a matsayin kyaftin, mutumin da ake ɗauka babu kamarsa a tarihin 'yan sha'awa. Bayan kwana huɗu aka tashi kunnen doki tsakaninta da Ostareliya, aka sake zagaye ɗaya na raba gardama, Ostareliya ta ci da bugu biyu. Shekara biyu bayan nan Amurka ta rama da gayya a filin Merion, a gida: ta ba ta biyu tazarar bugu 42, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Jack Nicklaus ya gama da 269, adadin da aka yi shekara 54 ba a doke ba, sai da Jon Rahm na Sifen ya yi 263 a Japan a 2014.

Wanda ya ga 1960 zai ce shi ke nan, kofi ya samu gida. Ba haka aka yi ba. Japan ta ci a 1984, Kanada a 1986, Suwidin a 1990, New Zealand a 1992. Bayan an koma mutum uku kuwa, sai abin ya zama kamar rabon gado: Holan a 2006, Sikotilan a 2008, Faransa a 2010, Italiya a 2022. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2018 a Carton House na Ailan. Denmak, ƙasar da yawan jama'arta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Nijar ba, ta zo da tagwaye 'yan shekara 17, Nicolai da Rasmus Højgaard, tare da John Axelsen. A gabansu akwai tawagar Amurka da Collin Morikawa a ciki, wanda shekara biyu bayan nan ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu na ƙwararru. Denmak ta ci da bugu ɗaya tak. Gida ɗaya ya haifi kashi biyu cikin uku na tawagar da ta ci duniya. A jimlace, cikin gasa 34 da aka yi zuwa 2025, Amurka ta ci 16, wato ba ta kai rabi ba.

A kwatanta da Kofin Walker, wanda ya girme shi, tun 1922 ake yi tsakanin Amurka a gefe ɗaya, Birtaniya da Ailan a ɗaya gefen. Sunan George Herbert Walker ne, kakan shugaba Bush na farko ta wajen uwa. A wannan kofin kowane ɓangare mutum goma yake kawowa, kuma ba jimillar bugu ake ƙirgawa ba, gaba da gaba ake yi, rami bayan rami, wanda ya ci ramuka mafi yawa ya kawo wa tawagarsa maki ɗaya. Akwai ma wani salo da safe da ake haɗa mutum biyu a kan ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya buga. In ka jefa ta cikin daji, abokinka ne zai shiga ya fito da ita kana tsaye kana kallo, ba halin magana. A wasa mai mutum goma, na takwas da na tara da na goma su ke yanke hukunci, nan kuwa yawa yake aikinsa. Zuwa 2025 an kara sau 50, Amurka ta ci 40, Birtaniya da Ailan 9, aka yi canjaras sau ɗaya. A lokacin, rabon Birtaniya da Ailan da nasara tun 2015. Wasa iri ɗaya, 'yan wasa kusan su ɗaya, dokar ƙirga ce kawai ta bambanta, sakamakon ya zama dare da rana.

To, in dokar Kofin Eisenhower ta yi wa ƙaramar ƙasa adalci haka, me ya hana Afirka sai bayan shekara 67, kuma me ya sa ko yanzu ƙasa ɗaya ce a nahiyar ake lissafi da ita? Amsar tana wajen tambayar waye ɗan sha'awa, da kuma wa ke ciyar da shi.

A zamanin da aka kafa waɗannan dokoki a Birtaniya da Amurka, ɗan sha'awa shi ne mai abin hannu, wanda ba ya bukatar wasa ya ciyar da shi. Yaron da ke ɗaukar jakar sanduna don a biya shi, in ya wuce wasu shekaru na haihuwa yana yi, sai a lissafa shi cikin 'yan sana'a, ko da bai taɓa cin ko sisi a gasa ba. Francis Ouimet na Amurka ɗan talakawa ne, ɗaukar jaka ya fara da ita a filin Brookline da ke tsallaken titin gidansu, kuma sai da ya bar aikin yana ɗan shekara 16 don kada a cire shi daga sahun 'yan sha'awa. A 1913, yana da shekara 20, ya doke manyan ƙwararrun Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, ya ɗauki gasar US Open. Shekara uku bayan nan hukumar golf ta ƙasarsa ta kore shi daga sahun saboda ya buɗe kantin kayan wasanni. Daga baya an mayar da shi, har ya zama kyaftin ɗin Amurka a Kofin Walker. Amma labarinsa ya nuna wa aka yi wa shingen tun asali.

Yau an sassauta sosai. Daga ranar 1 ga Janairun 2022, hukumomin biyu da ke riƙe da dokokin wasan, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, sun fitar da sabon tsari. Ɗan sha'awa yana iya karɓar kuɗin tafiya da masauki daga duk wanda ya ba shi, yana iya yi wa kamfani talla a biya shi, sunan kamfani a hularsa da jakarsa. Abin da aka hana shi kaɗan ne: kada ya karɓi kyautar gasa da ta wuce dalar Amurka 1,000, wato sama da jika 500 na sefa, kada ya shiga gasa da sunan ƙwararre, kada ya kama aikin ƙwararren kulob, kuma kada ya karɓi lada don koya wa wani bugu, sai a cikin wasu shirye-shirye da aka amince da su. Nick Dunlap, ɗaya daga cikin ukun da suka ci wa Amurka Kofin Eisenhower a Abu Dabi a 2023, ya shiga gasar ƙwararru a Kalifoniya a Janairun 2024 yana ɗalibin jami'ar Alabama, ya doke su duka. Rabon da ɗan sha'awa ya yi haka tun Phil Mickelson a 1991. Kyautar ta haura dala miliyan ɗaya da rabi, dole ya bar ta, ta koma hannun wanda ya zo na biyu, Christiaan Bezuidenhout na Afirka ta Kudu. Kwanaki kaɗan bayan haka Dunlap ya sanar cewa ya zama ɗan sana'a. Irin waɗannan su ne 'yan sha'awar yau: ƙwararru ne da ke jiran takarda.

Nan ne jami'o'in Amurka suka shigo. Yaro mai hannu daga Sifen ko Nowe ko Afirka ta Kudu, jami'a za ta ɗauke shi, ta biya masa karatu, ta ba shi koci da likita da filin atisaye, ta riƙa kai shi gasa kusan duk mako biyu a lokacin kaka. Tun Yulin 2021 kuma an yarda ɗalibi ɗan wasa ya ci kuɗin talla da sunansa. Rahm da ya karya tarihin Nicklaus a rigar Sifen, ɗalibin jami'ar jihar Arizona ne a lokacin. Cikin ukun da suka ci wa Afirka ta Kudu kofi a Singafo, biyu, Christiaan Maas da Daniel Bennett, 'yan tawagar jami'ar Texas ne. Ba rage musu daraja nake ba. A gida suka koyi riƙe sanda, kuma hukumar golf ta ƙasarsu tana da tawagar matasa da take kashe wa kuɗi, da goyon bayan attajirai irin su Johann Rupert. Tagwayen Denmak ma ba su bi ta Amurka ba, hukumar ƙasarsu ce ta rene su. Hanyoyi biyu ke nan, jami'ar Amurka ko hukumar gida mai aljihu, kuma kowacce kuɗi ce ke tafiyar da ita shekara da shekaru. Mu ma mun ga haka a namu: Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya kawo mana azurfa daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya na taekwando a 2017, a Jamus ya yi atisayensa.

Sai kuma ƙofar kanta. Shekaru da yawa, duk ƙasar da ke cikin hukumar golf ta duniya, IGF, tana iya turo 'ya'yanta uku, ko da sun san na ƙarshe za su zo. Adadin ya yi ta hawa har ya kai ƙasashe 72 a 2018, abin da ya sa dole mai masauki ya tanadi filaye biyu. Daga 2023 aka yanke shi rabi, ƙasashe 36 a fili ɗaya, aka kuma mayar da gasar shekarun mara don kada ta yi karo da Olamfik. Hujjar masu shiryawa ba ta banza ba ce: ƙasashe kaɗan ne ke iya ɗaukar nauyin filaye biyu da baƙi ɗaruruwa, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa takan yi yawa. Amma in an rage kujeru, sai an samo ma'aunin zaɓe, kuma babban ma'aunin shi ne jerin gwanayen duniya na 'yan sha'awa, WAGR, wanda R&A ta ƙirƙiro a 2007. Jerin yana duba sakamakon mako 104 da suka wuce, kuma makin gasa yana hawa ne gwargwadon ƙarfin waɗanda suka shiga ta. Ma'ana, don ka hau sama sai ka buga da waɗanda ke sama, su kuwa suna Texas da Florida da Sikotilan. Wanda ke cin kowa da kowa a Abidjan ko Abuja zai iya shekara bai motsa a jerin ba. A ganina, a nan gasar ta yi asarar wani abu da ya fi tsaftar jadawali muhimmanci. Ƙasar da ta zo ta 65 ba ta je neman kofi ba. Ta je ne ta samu abin nuna wa ma'aikatar wasanninta in ta koma, yaranta uku kuma su ga da idonsu yadda ƙwallo ke gudu a kan ciyawar gaske.

Zancen ciyawa ya kawo mu gida. A wajen Yamai, kan hanyar Tillaberi, akwai filin Rio Bravo, kuma golf ɗin da ake yi a can irin na Sahel ne. Yashi ne da tsakuwa da ƙaya. Ɗan wasa yana tafe da 'yar shimfiɗar ciyawar roba, inda ƙwallo ta tsaya ya ɗora ta a kai ya buga. Kewayen rami ba koren ciyawa ba ne, yashi ne da aka daddaɓe, kafin a yi bugun ƙarshe sai an ja abin shara an daidaita hanya daga ƙwallo zuwa rami. A irin wannan fili za ka ga saurayi ɗauke da jakar wani, ya duƙa ya dubi ƙasa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka ɗan bi ta hagu, ƙasar ta karkata." Alhaji ya yi gardama, ya buga yadda ya so, ƙwallo ta bi ta inda yaron ya faɗa. A filayen Kano da Kaduna da Jos ma haka abin yake, mafi yawan masu hannu daga cikin masu ɗaukar jaka suke fitowa, domin su ke kwana a filin.

A dubi yadda sabuwar dokar ta faɗa wa wannan saurayi. Ɗaukar jaka yanzu ba ta cire kowa daga sahun 'yan sha'awa, an wuce nan. Amma ranar da Alhaji ya ce, "Yaro, zo ka gyara mini riƙon sanda, ga jika biyar," ya karɓa, a ƙa'ida ya karɓi ladan koyarwa, ya fita daga sahun. Ɗalibin jami'ar Amurka da kamfanin sanduna ke biya dubban daloli don ya sa hularsa, shi yana nan daram ɗan sha'awa. Ba da mugun nufi aka rubuta dokar ba, an yi ta ne don kare abincin malaman golf masu lasisi a ƙasashen da suke da yawa. Sai dai a inda babu irin waɗannan malamai, hanya ɗaya da talaka ke cin abinci da gwanintarsa ita aka toshe, aka buɗe wadda ba shi da ikon bi. Shi ya sa yaro mai hannu a yankinmu yake gaggawar kiran kansa ƙwararre don ya samu shiga gasar da ke da 'yar kyauta, kuma daga ranar tawagar ƙasa ta rasa shi.

Hukumomin sun san da giɓin. A 2024 R&A ta fara gasar zakaran 'yan sha'awa na Afirka a filin Leopard Creek na Afirka ta Kudu, kuma wanda ya ci yana samun gurbi a The Open, mafi tsufa cikin manyan gasannin duniya. Altin van der Merwe ne ya ci ta farko, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya biyo shi ma daga can. Hakan ba zai canza da wuri ba. Amfanin gasar ga sauran ƙasashe yana wani wuri: ita ce ɗaya daga cikin 'yan wuraren da yaro daga Kenya ko Yuganda ko Gana zai buga kusa da masu matsayi, ya kwaso makin da ba zai samu a gida ba.

Ga Nijar kuwa, maganar Kofin Eisenhower ba ta taso ba tukuna, kuma ba ni cikin masu cewa a gina filin ciyawa a ƙasar da unguwanni ke layin ruwa a watan Afrilu. Abin da ke iya yiwuwa ya fi haka araha. Gasar da WAGR ke ƙirgawa sai ta kai aƙalla ramuka 54, kuma sai an yi mata rajista tun kafin a buga. Matakin farko ke nan ga duk ƙasar da ke son sunan ɗanta ya bayyana a jerin, sannan kuɗin mota da masauki na yara biyu ko uku zuwa filayen maƙwabta masu ciyawa, wanda dokar 2022 ta halatta wa kowane ɗan kasuwa ya biya, har ya sa sunan kamfaninsa a rigarsu.